Kwanon Yaro: Yadda Ake Saba wa Yara da Abinci Mai Gina Jiki a Gida

A gidaje da yawa a ƙasar Hausa, da zarar an sauke tukunyar miya da magariba, rabo ya riga ya san hanyarsa. Kwanon maigida ake fara zubawa, a tsamo masa tsoka biyu ko uku, a rufe da faifai a kai masa. Sai na baƙi in akwai, sai na sauran manya. Yara ne ƙarshe: a saka musu malmala biyu a babban kwano, a kwarara ɗan romon da ya saura, su biyar ko shida su kewaye shi. Kafin ɗan shekara biyu ya gama hura lomarsa ta farko, yayansa mai shekara goma ya kai uku. Jim kaɗan kwano ya koma wayam, kowa ya watse, uwa kuma ta ɗauka duk sun ƙoshi tunda ba wanda ya yi kuka.

Alƙaluma sun nuna ba haka abin yake ba. Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a faɗin Najeriya a 2018 ya gano kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. Binciken ya kuma nuna kashi 68 cikin ɗari na yaran da ke tsakanin wata shida da shekara biyar suna fama da ƙarancin jini. Tsumburewa ta wuce gajarta. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana rage wa yaro ƙarfin jure cuta, kuma yawancin ɓarnar tana aukuwa ne tun yana ciki zuwa cikarsa shekara biyu. Bayan nan gyara yana da wuya.

Talauci da tsadar kaya suna da babban kaso a nan, ba mai musu. Amma yankin da ya fi yawan tsumburarrun yara shi ne kuma mai noma gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi, har kasuwar Dawanau ta Kano tana lodi zuwa ƙasashe maƙwabta. Ga zogale a bayan ɗaki, ga kuka a bakin gona, ga ƙwan zabi yana araha da damina. Wani ɓangare na matsalar a cikin gida yake: wa ake fara zuba wa, da me ake saba wa harshen yaro, yaushe ake ba shi, kuma da wace irin fuska. Waɗannan suna hannun iyaye, masu hali da marasa hali. Yaro ba ya koyon cin abinci da faɗa. Abin da yake tararwa a kwanonsa kullum, da abin da yake ganin manya suna kaiwa baki, shi yake ɗauka.

Wata ƙwararriya kan ciyar da yara a Amurka, Ellyn Satter, ta fito da wata ƙa'ida tun a shekarun 1980 wadda har yau ake koyar da ita. A ganinta aikin ciyar da yaro kashi biyu ne. Iyaye ke yanke abin da za a ci, da lokacin ci, da inda za a zauna. Yaro kuma shi ke da ikon ko zai ci, da yawan da zai ci. Rigima takan tashi ne idan wani ya shiga hurumin wani. Uwar da ta bar ɗan shekara huɗu yana zaɓen abin da za a ɗora ta sakar masa nata aikin, ƙarshenta sai biskit da taliya safe da yamma. Wadda ta tsaya a kansa da tsumagiya sai ya suɗe kwano ta ƙwace masa nasa, ta kuma koya masa ya daina sauraron cikinsa. Wannan ba izini ba ne na a dire wa ƙaramin yaro kwano a juya masa baya. Yana bukatar a zauna tare da shi, a lallaɓa shi, a taya shi. Tilastawa ce kaɗai aka hana.

Mafi munin tilastawa ita ce ɗura. Kowa ya san yadda ake yin ta: a kwantar da jariri a cinya, a danne hannuwansa, a tara tafin hannu a bakinsa a riƙa zuba kunu, wani lokaci har a toshe masa hanci don ya haɗiye dole. Masu yi ba mugunta ce ke sa su ba, tsoron kada ɗa ya kwana da yunwa ne. Sai dai yaron da ke tsala ihu hanyar numfashinsa a buɗe take, kunu na iya bi ta nan ya sauka huhu, ya jawo ciwon huhu ko ya shaƙe shi nan take. Wanda ya tsira kuma ya riga ya haɗa kofi da azaba a ransa, da ya hango shi sai kuka. Abin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa mai sauƙi ne. A zaunar da yaro, a fuskance shi, a ba shi da cokali kaɗan-kaɗan ana yi masa magana da wasa. In ya kau da kai ko ya datse baki, a dakata, a sake gwadawa an jima.

Tushen komai shi ne watanni shida na farko. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ita ce nonon uwa zalla a wannan lokaci, ko ruwa ba a haɗawa. Kakanni kan ce zafin ƙasarmu ya fi ƙarfin haka, amma fiye da kashi 80 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne, kuma ruwan randa ne ke shigo wa jariri da gudawa. Idan ya cika wata shida sai a fara abinci, ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu, wa'adin da Alƙur'ani ma ya ambata. Daga wata shida zuwa takwas, sau biyu ko uku a rana ya isa, ana farawa da cokali biyu ko uku har a kai rabin kofi. Daga wata tara zuwa shekara biyu, sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani. Zuma kuwa, duk da albarkarta, ba a ba jariri ita sai ya cika shekara, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓoye a cikinta wadda hanjinsa bai kai ya kashe ba.

Cikin ɗan shekara ɗaya bai wuce ɗaukar kofi guda ba. In aka cika shi da tsinkakken koko, an cika shi da ruwa ne, yaro ya ƙoshi a ido amma jikinsa bai samu komai ba. Gwajin da ake yi shi ne a ɗebo kunun a cokali a karkata. In ya zube shaa, ya yi ruwa. In ya tsaya yana saukowa a hankali, ya yi daidai.

Akwai haɗin gari da ƙungiyoyin agaji suka yaɗa a Borno da Yobe, wanda ake kira Tom Brown, kuma kowace mace za ta iya yin sa a gida. Awonsa shi ne shida, uku, ɗaya: gwangwani shida na gero ko dawa ko masara, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. A tsince hatsin a wanke a shanya. Waken suya a jiƙa shi ya kwana, a murje ɓawon ya fita, a shanya ya bushe ƙarau. Sai a soya kowanne daban a busasshen kasko, ba mai, da wuta kaɗan, ana juyawa har ƙamshi ya tashi launi ya ɗan sauya. Waken suya musamman yana son suya sosai, domin ɗanyensa ba ya narkewa da kyau a ciki. Gyaɗa a murje jan ɓawonta, a kuma zubar da duk wadda ta yi funfuna ko ta yi ɗaci, domin irinta na ɗauke da gubar da ke lahanta hanta. A haɗa duka a kai inji, a tankaɗe, a zuba a roba mai murfi. Lokacin damawa, a kwaɓa garin da ruwan sanyi, a zuba cikin tafasasshen ruwa, a bar shi a wuta kamar minti goma ana juyawa. A kofin yaro ana iya ƙara ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa, da garin busasshen kifi ko na zogale. In ana son zaƙi, dakakken dabino ko ayaba sun fi sukari. A Nijar ma akwai garin Misola, wanda shi ma gero ne da waken suya da gyaɗa.

Sannan ƙaramin yaro ya samu kwanonsa shi kaɗai. Cin abinci tare al'ada ce mai kyau, tana koyar da haƙuri da zumunci, ba a ce a bar ta ba. A shimfiɗa tabarma guda, kowa ya zauna, amma wanda bai kai shekara uku ba a ɗebar masa nasa a gabansa. Ta haka ne kawai uwa za ta san ko ya ci rabi, ko ya cinye, ko yayyensa ne suka taya shi.

Me za a sa a kwanon? Masana sun kasa abincin ƙananan yara gida takwas, suna so yaro ya samu aƙalla biyar a kowace rana. Akwai nonon uwa, akwai hatsi da su doya da dankali, akwai wake da gyaɗa da riɗi, akwai madara da kindirmo, akwai nama da kifi da hanta, akwai ƙwai, akwai ganyaye da 'ya'yan itace masu bitamin A, irin su zogale, alayyafo, kabewa, karas, mangwaro da gwanda, sai sauran kayan lambu da na marmari, kamar kuɓewa, tumatir, goba, lemo da kankana. A ji kamar abin masu kuɗi ne, amma a lissafa ranar wani gida na talaka. Kunun gyaɗa da safe ya kawo gida biyu. Ɗanwake da rabin dafaffen ƙwai da rana ya ƙara ɗaya. Tuwo da miyar taushe da dare, mai kabewa da alayyafo da ɗan busasshen kifi, ya ƙara biyu. Ga nonon uwa. An kai shida ba a sayi abin gwangwani ko ɗaya ba. Gidan da ke faɗuwa a wannan lissafi shi ne wanda koko ne da safe, tuwo da rana, ɗumame washegari, hatsi bisa hatsi.

Ƙwai yana da tasa matsalar. Har yanzu akwai masu cewa in aka saba wa yaro da ƙwai zai yi sata, ko zai yi jinkirin magana. Camfi ne, ba shi da tushe a likitanci ko a addini. Ƙwai guda yana ɗauke da sinadarin gina jiki mai inganci da bitamin iri-iri, yana da laushin da ɗan wata shida zai iya ci in an dafa shi sosai an murƙushe. Abin takaici ne a ga gida da kaji suna saka, a tara ƙwan a kai wa mai shayi, a sayo wa yaro alawa da kuɗin. Haka batun nama. Maigidan da ya gama girma shekara ashirin da suka wuce shi ke samun tsoka, yaron da ƙashinsa da jininsa ke ginuwa yanzu ya samu ƙashi ya tsotsa. Gyaran ba ya bukatar ƙarin kuɗin cefane. Magana ɗaya ce daga maigida: "A cire wa ƙanana nasu tukuna." Ɗan yankin hanta kamar yatsa biyu sau ɗaya a mako, a daka a cikin fate, babban magani ne ga ƙarancin jini.

To, idan an dafa ya ƙi ci fa? Nan ne iyaye da yawa ke karaya. Tsakanin shekara biyu da shida, yawancin yara kan yi ɗari-ɗari da duk abincin da ba su saba da shi ba, musamman ganye mai ɗan ɗaci. Halitta ce, ba taurin kai ba. Binciken masana irin su Leann Birch ya nuna yaro kan bukaci a gabatar masa da sabon abinci sau takwas zuwa goma sha biyar kafin ya karɓe shi. Yawancin iyaye kuwa daga gwaji na biyu ko na uku suke yanke hukunci cewa wane ba ya cin rama. Dabarar ita ce a sa ɗan kaɗan, cokali guda, kusa da abin da ya riga ya sani. Kada a yi dogon bayani. In ya taɓa ya ajiye, an ci riba. In ya tofar, a share a yi shiru, bayan kwana biyu a sake kawowa. A kuma sauya salo: wanda ya ƙi kwaɗon zogale yana iya cin dambun zogale, wanda ya ƙi dafaffen wake yana iya son alale ko ƙosai, wanda ya ture kabewa a miya yana iya shan ta in an dama a kunu. Abin da ba a so shi ne a tashi a sake ɗora masa wata tukunya daban. In aka yi haka sau uku, ya gane cewa ƙin ci ne ke kawo abin daɗi.

Cin hanci ma ba ya aiki. "Cinye miyar nan in ba ka alawa" yana gaya wa yaro abu biyu: alawa ce abin so, miya kuma wahala ce da ake biya a sha. Masu bincike sun ga cewa abincin da ake ba da lada a kansa ƙara fita ran yara yake yi. Haka tsoratarwa da dodo ko allura, haka horo da hana abinci. Musulmi suna da abin koyi a nan. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Umar ɗan Abu Salama, wanda ya tashi a gidan Manzon Allah (SAW). Yana yaro hannunsa na yawo a cikin akushi, sai aka koya masa abu uku cikin taushin murya: ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa. Shi da kansa ya ba da labarin cewa haka ya ci gaba da ci har girmansa. An kuma ruwaito cewa Manzon Allah bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari.

Wannan hadisi na biyun ya fi shafar iyaye maza. Uban da ke ture miyar kuka yana yamutsa fuska, ya aika a sayo masa tsire da lemon kwalba ya ci a gaban yara, ya rushe aikin da uwa ta yi wata guda tana ginawa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A gidajen da maigida ke ci shi kaɗai a ɗakinsa ko a zaure, yana da kyau ko sau biyu a mako ya zauna da yara su ga yana cin ganye da daɗi. A kashe talabijin, a ajiye waya. Yaron da ake tura wa loma idonsa na kan katun bai san me ya ci ba, bai kuma san lokacin da ya ƙoshi ba.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Yaron da ke yini da biskit a hannu ba zai ji yunwa ba sa'ad da aka sauke tukunya. A tsayar da lokuta: kalaci, abincin rana, na dare, da abin taɓawa sau biyu. Tsakaninsu ruwa kawai.

Da yaro ya shiga makaranta sai wani sabon malami ya shigo, wato kuɗin tara. A ƙofar kowace firamare akwai tire na alawa da cingam da ƙanƙara mai launi da lemon roba. Yawancin lemon kwalba na ɗauke da sukari kimanin giram 10 a kowane mililita 100, wato ƙaramar kwalba mai 35cl ta kusa ƙananan cokula tara. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce abin da ya fi shi ne babban mutum ma kada ya wuce kimanin cokali shida a yini. Ga 'yan ƙasa da shekara biyu kuwa, ba a so a ba su abin sha mai sukari sam. Gwamnatin Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin wannan lemo a dokar kuɗi ta 2021, amma wannan bai hana yaro saye ba. Abin da ke hana shi shi ne ya fita da ciki a cike da kuma wani abu a jaka: dafaffen ƙwai, awara, ƙuli-ƙuli, dafaffen dankali, ayaba, goba, dabino, da gorar ruwa. Zoɓo da kunun aya na gida sun fi na saye, domin uwa ce ta san ruwan da ta yi amfani da shi da yawan sukarin da ta zuba, tana kuma iya rage shi sannu a hankali har harshe ya saba. Hana zaƙi ɗungurungum ba ya ɗorewa, sai ma ya ƙara kwaɗayi. A bar shi ya zama na ranar Salla da biki da suna. Gyaɗa guda-guda da aya kuwa kada a ba 'yan ƙasa da shekara huɗu, suna iya sarƙe su, sai dai a niƙa.

Shayi da burodi ya zama kalacin birni, amma ganyen shayi na hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, wanda shi ne ke gina jini. Ga ƙaramin yaro kunu ya fi. Akasin haka, abu mai bitamin C, kamar lemo, goba, tumatir ko garin 'ya'yan kuka, yana taimaka wa jiki ya amfana da ƙarfen da ke cikin wake da ganye, don haka ɓarin lemo bayan shinkafa da wake ba ƙawa ba ce. Taliyar Indomie ta riga ta shiga gidaje, faɗa da ita ɓata lokaci ne. A rage yawanta, a zuba rabin garin ɗanɗanon da ke cikin ledar, a yanka karas da kabeji ko alayyafo, a fasa ƙwai. Dunƙule kuma kusan rabinsa gishiri ne, alhali babba ma ana so kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, ƙasa da ƙaramin cokali guda, yaro kuwa ƙasa da haka. Miyar da aka jefa wa dunƙule biyar aka ƙara gishiri tana saba wa harshen yaro da abin da zai zame masa hawan jini in ya girma. Daddawa da albasa da citta da busasshen kifi suna ba da ɗanɗanon da zai sa a rage. Gishirin da za a saya ya zama mai aidin.

Yadda ake dafa ganye yana iya kashe amfaninsa. Alayyafo da zogale da aka bari suna tafasa har suka yi baƙi, aka kuma tsiyaye ruwan aka zubar, sun yi asarar bitamin da yawa. A wanke kafin a yanka, a zuba a ƙarshen girki, a rufe minti kaɗan. Kanwa tana sa wake saurin nuna, tana sa miya yauƙi, amma tana lalata wasu bitamin, don haka a taƙaita ta. Jiƙa wake tun dare yana rage bukatarta. Manja yana da arzikin bitamin A matuƙar ba a soya shi har ya yi fari ba, kuma ɗan mai a miya shi ke sa jiki ya amfana da bitamin ɗin da ke cikin ganye. Mai son sauƙin cefane ya bi lokaci: mangwaro da bazara, rama da tafasa da yakuwa da ƙwan zabi da damina, kabewa da sabon wake da kaka, karas da tumatir da kabeji lokacin sanyi. Ganyen da ya yi yawa da damina a shanya shi a inuwa, ba a rana ba, a adana don rani.

Yaro yakan ci abin da hannunsa ya taɓa. Ɗan shekara uku zai iya tsinke zogale daga reshe, ɗan shekara biyar ya tsince wake ko ya ɓare ƙwai, ɗan shekara takwas ya raka uwa ko uba kasuwa a ce ya zaɓo gwandar da ta nuna. Tsohon bokiti da ƙasa da taki sun isa a shuka alayyafo, a ce na wane ne, shi zai riƙa ba shi ruwa. Ranar da aka yanke aka sa a miya, da wuya ya ce ba ya ci. Wannan har da yara maza. Yaron da ya tashi bai san yadda ake dafa wake ba, ranar da ya tafi makarantar kwana ko ya fita neman kuɗi, burodi da lemo zai koma. Wanke hannu da sabulu kafin ci da bayan fitowa daga bayi shi ma a nan ake koyon sa, a ruwan da ake zubawa daga buta, ba a kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu ba.

Lokuta biyu ne yara suka fi zubewa: rashin lafiya da yaye. Yaro mai zazzaɓi ko gudawa ba ya son ci, wasu kuma sukan ɗauke masa abinci wai ciki ya huta. Kuskure ne. A ci gaba da nono, a ƙara ruwa, a ba shi abu mai laushi kaɗan-kaɗan sau da yawa, in ya warke a ƙara masa ci ɗaya a rana har mako biyu don ya mayar da abin da ya rasa. Yaye kuma na rana ɗaya, inda za a shafa wa nono abu mai ɗaci a ɗauki yaro a kai gidan kaka, yana haɗa masa rashi biyu a lokaci guda, na nono da na uwa, shi ya sa wasu ke ƙin abinci su rame. In an riga an saba masa da abincin gida tun yana wata shida, aka riƙa rage shayarwa a hankali cikin makonni, yaye ba ya zama ciwo.

Akwai kuma inda dabarar gida ta ƙare, sai asibiti. Ma'aikatan lafiya na amfani da wani ɗan tef mai launi uku da ake naɗawa a tsakiyar damtsen yaro, daga wata shida zuwa shekara biyar. Kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. A Mirriah ta jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata yin wannan awo da kansu a gida, aka kuma ga suna gano yara masu tamowa da wuri. Yanzu ana koyar da shi a wurare da dama a Nijar da Najeriya, uwa na iya tambaya a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. A can ne kuma ake ɗiga wa yara bitamin A duk wata shida, a ba waɗanda suka cika shekara maganin tsutsar ciki. Abincin tamowa na leda da ake bayarwa magani ne na wanda aka rubuta wa, ba a raba shi da 'yan'uwansa, ba a kai shi kasuwa. Idan aka danna saman ƙafafun yaro biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku, aka ɗaga wurin ya zauna a lotse, ko gashinsa ya yi ja yana karyewa, ko ya ƙi nono da abinci gaba ɗaya, a ɗauki katinsa a kai shi a ranar, kada a jira ranar awo.